Likita ɗaya, shaida uku: Shekaru 40 na tsarin da Amurka ta ƙirƙiro don lafiyar ƙwaƙwalwar yara

A watan Yulin 2026 ne wani tsarin horar da likitoci ke cika shekaru 40 a Amurka. Tsarin, wanda Amurkawa ke kira Triple Board, wato shaida uku, yana ɗaukar matashin da ya gama karatun likita ya horar da shi shekaru biyar a asibiti, ya fito da damar zana jarrabawar ƙwarewa a fannoni uku: likitancin yara, likitancin ƙwaƙwalwa na kowa da kowa, da likitancin ƙwaƙwalwar yara da matasa. Wanda ya bi fannonin nan ɗaya bayan ɗaya, sai ya kwashe shekaru takwas ko tara kafin ya kai inda wannan ya kai.

Cikar shekarun ta zo a lokacin da ƙasar ke fama da matsalar da aka kafa tsarin dominta. Tun watan Oktoban 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin yara, na likitocin ƙwaƙwalwar yara da na asibitocin yara suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yaran Amurka, kuma har yanzu iyaye kan jira watanni kafin ɗansu ya ga ƙwararre. Shekaru 40 sun tabbatar da cewa ana iya samar da likitan da ya san jikin yaro ya kuma san hankalinsa cikin shekaru biyar. Sun kuma nuna cewa irin wannan likitan ba zai taɓa yin yawan da zai ishi ƙasa ba, ko da ƙasar ita ce ta fi kowa kashe kuɗi a harkar lafiya.

Yadda horon yake tafiya

A Amurka ɗalibi kan yi shekaru huɗu a jami'a, ya ƙara huɗu a makarantar koyon likita, sannan ya nemi gurbin horon ƙwarewa a asibiti. Horon likitan yara shekaru uku ne. Na likitan ƙwaƙwalwa huɗu ne. Mai son ya ƙware a ƙwaƙwalwar yara sai ya ƙara biyu, ko da yake an yarda ya tsallake shekarar ƙarshe ta horon manya, ta yadda zai gama cikin biyar.

Tsarin shaida uku ya matse wannan duka cikin watanni 60. Watanni 24 na likitancin yara ne, inda likitan ke aiki a ɗakin jarirai, da sashen kulawa ta musamman, da sashen gaggawa, da ɗakin duba yaran da ke zuwa su koma gida. Watanni 18 na likitancin ƙwaƙwalwar manya ne, wanda ya ƙunshi masu taɓin hankali da aka kwantar, da masu fama da shaye-shaye, da cututtukan jijiyoyi. Sauran watanni 18 kuma na ƙwaƙwalwar yara da matasa ne. A galibin asibitocin shekarar farko ta fi karkata ga likitancin yara, daga nan sai a riƙa karɓa-karɓa tsakanin sassan, kuma likitan kan riƙe wasu yara da zai ci gaba da dubawa tsawon shekarun horon don kada hannunsa ya yi sanyi.

Hukumomi biyu ne ke ba da shaidar. Hukumar tantance likitocin yara ta Amurka ce ke shirya jarrabawa ta farko, hukumar tantance likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuma ita ke shirya sauran biyun. Babu rangwame a jarrabawar: tambayoyin da aka yi wa wanda ya yi cikakkun shekaru uku a sashen yara, su ne ake yi wa wanda ya yi biyu.

Inda abin ya samo asali

Likitancin ƙwaƙwalwar yara a Amurka a cikin asibitin yara aka haife shi. A 1930 likita Leo Kanner ya buɗe sashen duba matsalolin hankalin yara a asibitin yara na jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, kuma shi ne a 1943 ya fara bayyana larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, a matsayin larura mai zaman kanta. Sai dai a 1959, da aka amince da fannin a hukumance, an ɗora shi ne a ƙarƙashin likitancin ƙwaƙwalwar manya. Daga nan hanya ta rabu. Mai son kula da hankalin yara dole ya fara shafe shekaru yana duba manya, likitan yara kuma ya gama horonsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan ciwon damuwa ko matsalar ɗabi'a.

A 1980 wani kwamiti da gwamnatin tarayya ta kafa don ƙiyasta yawan likitocin da ƙasar ke buƙata ya sanya wannan fannin cikin waɗanda suka fi ƙarancin ma'aikata. Malaman makarantun likita sun lura cewa ɗalibai da dama masu son aiki da yara suna gudun fannin ƙwaƙwalwa ne saboda ba sa son rabuwa da aikin duba jiki, kuma ba sa son dogon zango a wajen manya. Wannan ne ya kai ga gwajin da aka fara a watan Yulin 1986 a cibiyoyi shida: Brown, Tufts, Mount Sinai, Albert Einstein, jami'ar Kentucky da jami'ar Utah. Farfesa John Schowalter na jami'ar Yale ne ya jagoranci kwamitin da ya sa ido a kan gwajin. Bayan an bi diddigin waɗanda suka fara fitowa, an kwatanta sakamakonsu da na takwarorinsu, sai aka mayar da tsarin na dindindin a 1995.

Dalilin haɗa jiki da hankali

Hujjar masu goyon bayan tsarin tana cikin ɗakin jinya. Yaro ba ya zuwa asibiti da takarda a goshi mai cewa ciwonsa na jiki ne ko na hankali. Ƙaramin yaro mai fama da fargaba ba kasafai yake cewa yana jin tsoro ba, abin da yake cewa shi ne cikinsa na ciwo ko kansa na sarawa, musamman da safe idan za a tafi makaranta. Idan likita bai san wannan ba, sai a yi ta gwaje-gwaje ana kashe kuɗi ba a ga komai ba.

Akwai kuma akasin haka. A 2007 likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana wani nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda yakan fara da surutai, ganin abin da babu, rashin barci da sauyin hali, har a zaci taɓin hankali ne. Yana yawan kama yara da ƴanmata. Maganinsa na danne garkuwar jiki ne, kuma jinkirin gano shi na iya kai yaro ga doguwar suma. Haka nan wasu nau'ukan farfaɗiya kan zo ne a matsayin ɗaukewar hankali na ƴan daƙiƙoƙi, malami ya ɗauka rashin mayar da hankali ne.

Wasu cututtukan kuma ba sa rabuwa gida biyu ko kaɗan. Yarinyar da ke fama da larurar ƙin cin abinci tana buƙatar mai kula da tunaninta, tana kuma buƙatar mai auna bugun zuciyarta da sinadaran jininta, domin mayar mata da abinci cikin gaggawa kansa na iya kashe ta. Matashi mai ciwon sukari da ya shiga tsananin damuwa yakan daina yi wa kansa allurar insulin. Mai amosanin jini da ya sha kwanciya asibiti tun yana ƙarami yakan girma da tsoro da baƙin cikin da ke ƙara masa raɗaɗi.

Magungunan ma haka suke. Wasu daga cikin magungunan taɓin hankali da ake bai wa yara, irin su risperidone da olanzapine, suna sa ƙiba da hauhawar sukari. Maganin kumburi na sitiroyid da ake bai wa masu asma ko kansa yana iya rikita hali. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta sanya gargaɗi mafi tsanani a kan magungunan ciwon damuwa, saboda yiwuwar ƙaruwar tunanin kashe kai ga wasu yara a makonnin farko na sha. Bayan gargaɗin, likitocin yara da yawa sun ja da baya daga rubuta maganin, alhali babu isassun ƙwararrun da za a tura musu yaran. A irin wannan giɓin ne likitan shaida uku ke da amfani, domin yana jin yaren ɓangarorin biyu, kuma kowane ɓangare na ganin sa a matsayin ɗan gida.

Inda lissafi ya ƙi fita

Cibiyoyin da ke wannan horon a yau ba su wuce goma ko kusa da haka ba. Cikinsu akwai Brown, Mount Sinai, Kentucky da Utah da aka fara da su, sai waɗanda suka shigo daga baya kamar Cincinnati, Indiana, Pittsburgh da Tulane. Kowace na ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu a shekara. Idan aka haɗa, waɗanda ake yayewa a shekara ba su fi cikin aji guda ba, a ƙasar da ke da yara sama da miliyan 70.

A ɗaya gefen kuma buƙata ta yi tashin gwauron zabo. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke yi a makarantun sakandare ya nuna cewa a 2021 kashi 42 cikin ɗari na ɗalibai sun ce sun shiga baƙin ciki ko yanke ƙauna mai ɗorewa, a cikin ƴanmata kuwa adadin ya kai kashi 57. A 2023 ya ɗan sauko zuwa kashi 40. Cibiyar ta kuma gano cewa a farkon 2021, lokacin annobar korona, zuwan ƴanmata ƴan shekara 12 zuwa 17 sashen gaggawa bisa zargin yunƙurin kashe kai ya ƙaru da kusan kashi 51 idan aka kwatanta da 2019. A watan Disamban wannan shekarar babban jami'in lafiya na ƙasar a lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan lamarin.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Amurka na ƙiyasta cewa akwai ƙwararru kimanin 14 ga kowane yara dubu 100, alhali tana ganin sai sun kai 47 kafin a ce sun wadata. Rabon ma bai yi daidai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari na gundumomin ƙasar ba su da ko da ƙwararre ɗaya. Sun taru ne a manyan birane da yankunan masu hali. Sakamakon haka shi ne yaran da ke kwana biyu, uku, wani lokaci mako guda a sashen gaggawa suna jiran gado a sashen ƙwaƙwalwa.

Kuɗi ne ke riƙe da linzami

Abin da ya hana tsarin faɗaɗa ba rashin masu nema ba ne. Gurbin horon ƙwarewa a Amurka kuɗi ne, kuma kaso mafi girma na fitowa daga Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya. Wata dokar kasafi ta 1997 ta ƙayyade yawan guraben da Medicare za ta biya wa kowane asibiti, kuma sai a dokokin kasafin 2021 da 2023 majalisa ta ƙara gurabe 1,000 da kuma 200, inda aka ware aƙalla rabin na biyun ga fannin ƙwaƙwalwa. Asibitocin yara, da yake ba su da tsofaffi, suna dogaro ne da wani asusu daban da aka kafa a 1999, wanda sai majalisa ta amince da kuɗinsa kowace shekara. Buɗe tsarin shaida uku kuma na buƙatar sassa biyu na asibiti su yarda su raba gurbi, su raba kuɗi, su raba jadawalin kwanan aiki, abin da ba kowane shugaban sashe ke so ba.

Shi kansa matashin likitan yana da nasa lissafin. Galibi yakan fito daga makaranta da bashin da ya kai dala dubu 200. Likitancin yara na cikin fannonin da suka fi ƙarancin albashi, domin kusan rabin yaran Amurka na ƙarƙashin Medicaid ne ko shirin CHIP, inshorar masu ƙaramin ƙarfi, wadda ke biyan likita ƙasa da abin da sauran inshorori ke biya. A rabon gurabe na 2024 kimanin kashi 92 cikin ɗari ne kawai na guraben likitancin yara suka samu masu cikewa a zagayen farko, ƙasa da kashi 97 na shekarar da ta gabata, yayin da guraben likitancin ƙwaƙwalwa ke cika kusan baki ɗaya.

Shi ya sa bin diddigin waɗanda suka gama shaida uku ke nuna cewa galibinsu a ƙarshe aikin ƙwaƙwalwar yara suke yi, da yawa a asibitocin koyarwa, kaɗan ne ke ci gaba da duba yara masu zazzaɓi da tari yau da kullum. Tsarin biyan kuɗi na inshora bai tanadi kujerar likitan da zai yi aikin biyu a zama ɗaya ba. Ƙari a kan haka, wani bincike na 2014 ya nuna kashi 55 cikin ɗari ne kawai na likitocin ƙwaƙwalwa masu ofishin kansu ke karɓar inshorar kamfanoni, alhali a sauran fannoni kusan kashi 89 ne. Ma'ana ko an samu ƙwararren, talaka ba lallai ya iya biyan sa ba.

Dokar haraji da kasafi da shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara dagula lissafin. Ta tanadi rage ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekaru goma, ta kuma ƙayyade bashin karatu da gwamnati za ta bai wa ɗalibin likita a kan dala dubu 50 a shekara, dubu 200 gaba ɗaya, daga Yulin 2026. Ɗalibin da dole ya cike giɓin da bashin banki mai tsada zai yi tunani sau biyu kafin ya zaɓi fannin da horonsa ke da tsawo, albashinsa kuma ke da ƙaranci.

Abin da masu suka ke cewa

Tun farko akwai malaman da suka yi shakkar tsarin. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Wanda ya yi shekaru biyu a sashen yara ya rasa kashi ɗaya cikin uku na gogewar abokin aikinsa, wanda ya yi watanni 18 a wajen manya kuma ya rasa fiye da rabin horon da aka saba. Masu horon kansu kan koka da cewa duk lokacin da suka koma wani sashe sai su tarar takwarorinsu sun yi musu nisa, ga jarrabawa uku da kuɗin sabunta shaida uku.

Amsar masu goyon baya ita ce hukumomin tantancewa ba su mayar da tsarin na dindindin ba sai da suka ga sakamako, kuma an kafa shi ne tun asali don janyo ƙwararrun ɗalibai zuwa fannin da ke rasa mutane. Ta wannan ma'aunin, ko da likitan bai sake rubuta maganin tari ba, iliminsa na jikin yaro yana nan tare da shi a duk lokacin da zai rubuta maganin ƙwaƙwalwa. Sai dai wannan amsar ba ta share tambayar yawa ba. Mutum ashirin ko talatin a shekara ba za su cike gundumomin da babu kowa ba.

Hanyar da ta fi isa ga yara

Abin da ya fi kai taimako ga yara masu yawa ya fito ne daga wani gwaji mai arha. A 2004 jihar Massachusetts ta kafa layin waya wanda kowane likitan yara zai iya kira ya samu shawarar ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci, sau da yawa yaron na zaune a gabansa. Ƙwararren zai taimaka wajen gano ciwon, ya ba da shawara a kan magani, ya kuma ware yaran da dole sai ya gan su da idonsa. Da haka ƙwararre ɗaya ke tsaya wa ɗaruruwan likitoci. Gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗin yaɗa tsarin a 2018, ta ƙara a 2022, kuma yanzu galibin jihohi na da irinsa.

An kuma buɗe wata ƙofar ga likitocin yara da suka riga suka gama horo, inda za su ƙara shekaru uku su samu shaidar ƙwaƙwalwar manya da ta yara. A 2022 kwamitin ƙwararru mai ba da shawara a kan rigakafi ya ce a riƙa tantance fargaba ga yara daga shekara 8, ciwon damuwa kuma daga shekara 12, a wajen likitan yara na yau da kullum. Daga Yulin 2025 sabbin ƙa'idojin horar da likitocin yara suka wajabta wa kowane mai horo wani zango na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin shaida uku na daga cikin waɗanda suka fi dacewa da koyar da wannan darasin da kuma amsa waɗancan kiraye-kirayen wayar. A nan ne ƙarancinsu ke rage ciwo: amfaninsu na ninkuwa idan suna horar da wasu.

Abin da ya shafi ƴan Nijar mazauna Amurka

Ga iyaye ƴan Nijar da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem na birnin Niyok, ko a Greensboro ta jihar Carolina ta Arewa, wannan sauyin ya riga ya iso su. Idan likitan yara ya miƙa wa ɗan shekara 12 takardar tambayoyi a kan barcinsa da tunaninsa, ko ya nemi iyaye su ɗan ba shi wuri ya gana da yaron shi kaɗai, tsarin aiki ne da ake yi wa kowane yaro. Ba ya nufin an ce yaron mahaukaci ne. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, kuma layin agajin gaggawa na 988 da aka buɗe a Yulin 2022 yana aiki dare da rana.

Wasu iyayen, idan yaro ya gagara, sukan mayar da shi gida wajen kakanni don ya nutsu. Wani lokaci hakan na yin amfani. Amma idan abin da ke damun yaron ciwo ne, an ɗauke shi ke nan daga inda ƙwararru suka yi ƙaranci zuwa inda suka fi ƙaranci, galibi ba tare da takardar asibiti ko maganin da zai ci gaba da sha ba. Neman ganin likita kafin a sayi tikitin jirgi ya fi sauƙi a kan neman sa bayan an sauka Yamai.

Ga matasan likitoci kuwa masu hangen can, hanyar a buɗe take a takarda, amma ƙunci gare ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a waje suka yi karatu. Mai nema sai ya ci jarrabawar USMLE da Ingilishi, ya samu shaidar hukumar ECFMG, sannan ya shiga rabon gurabe da ake bayyana sakamakonsa a watan Maris. Bizar J-1 da aka fi amfani da ita na wajabta komawa gida shekaru biyu bayan horo, sai dai idan likitan ya samu ɗaya daga cikin gurabe 30 da kowace jiha ke da su a shekara, ya yi aikin shekaru uku a yankin da ke da ƙarancin likitoci. A watan Disamban 2025 kuma fadar White House ta sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka dakatar da shigar ƴaƴansu Amurka, abin da ya ƙara toshe wannan ƙofar.

Darasin da ya dace da Nijar

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, na ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan larurorin kan fara ne kafin shekara 14. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ƴan ƙalilan ne, galibinsu a Yamai, inda sashen da kowa ya sani da Pavillon E yake a babban asibitin ƙasa.

Matsalolin da ke haɗa jiki da hankali kuwa suna nan a sassan yara na Maraɗi, Damagaram da Tawa. Yaron da ya tsira daga zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa na iya tashi da farfaɗiya, wahalar karatu ko sauyin ɗabi'a. Ƙa'idar OMS ta jinyar tamowa mai tsanani, wadda cibiyoyin CRENI ke bi, ta ƙunshi wasa da yaro da motsa hankalinsa, domin yunwa na taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa jiki. Ga masu amosanin jini, ga matasan da tiramol ya kama, ga yaran da rikici ya raba da gidajensu a Diffa da Tillaberi, da waɗanda suka tsallako jihar Maraɗi daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019.

Ƙasar da ke ƙirga likitocin yaranta da ƙyar ba za ta ware shekaru biyar don samar da mai shaida uku ba. Abin da za ta iya ɗauka shi ne darasin Massachusetts, kuma kayan aikinsa na kusa. Shirin mhGAP da OMS ta ƙaddamar a 2008 yana da babi a kan yara da matasa, an kuma tsara shi ne don ma'aikatan da ba ƙwararru ba, irin na cibiyoyin CSI. Ƙasar na da manyan jami'an jinya da aka horar a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Jami'ar Ibadan a Najeriya na da cibiyar da farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa, wadda ke ba da digiri na biyu a lafiyar ƙwaƙwalwar yara ga likitocin yara, ma'aikatan jinya da masana halayyar ɗan Adam daga ƙasashen Afirka. Asibitin Fann na Dakar kuma na da sashen ƙwaƙwalwar yara mai aiki da Faransanci. Sanya ƴan watanni na wannan fannin cikin horon DES na likitocin yara, da buɗe lambar waya da likita a Tasawa ko Magarya zai kira ya samu ƙwararre a Yamai, ba su kai tsadar gina sabon sashe ba.

A Amurka, abubuwa uku ne za su nuna alƙiblar tsarin a shekaru masu zuwa: yawan guraben likitancin yara da za su cika a rabon watan Maris, abin da majalisa za ta ware wa asibitocin yara na koyarwa, da yadda jihohi za su cike giɓin Medicaid. Idan asibitocin yara suka shiga matsin kuɗi, sassan da ba sa kawo riba ne ake fara taɓawa, kuma sashen ƙwaƙwalwar yara na cikinsu.